Jawabin Ƙungiya a Kan Karnukan Gari



In mun tafi ci-rani, kare ke kwana bakin garke yana korar dila. To, mu ba shi haƙƙinshi: ruwa, ragowar tuwo, da allurar rigakafin hauka wajen ma'aikatan kiwo.

In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15, a kai shi gidan likita ranar nan. Karen kuwa a ɗaure shi nesa da yara, a sa mishi ido kwana 10. Haukan kare in ya riga ya bayyana ga mutum, ba shi da magani.

Mu da ke Yamai mun ɗauki nauyin kuɗin allura. Ku dattawa, ku sa a tara karnukan.

Allah shi kiyaye. Wassalam.