Ƙafar da ta saba bin shanu, idan ta koma zaman rumfa

  

Da na ce wa abokan aikina zan yi magana kan motsa jiki, dariya suka yi mini. Wai makiyayi zan gaya wa ya motsa jiki? Mutumin da ke fita da hantsi sai faɗuwar rana, ya ja guga a rijiya mai zurfi har garke ya ƙoshi? Gaskiyarsu ne. Mai bin dabba da ƙafa ya fi ni sanin tafiya. Wanda nake nema yau shi ne wanda ya ajiye sanda.

Ina da baffa, ƙanen mahaifina. Ya fi shekara ashirin yana kora shanu da ƙafa zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Allah ya buɗa masa, ya zama dillali, ya sayi babur, yara suka karɓi kiwo. Daga nan sai zaman tabarma: shayi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne sukari har cokali ya tsaya, ga tsire, ga fura. Ko masallacin da ke bayan rumfa, sai ya tada babur. Tumbi ya fito, muna ta cewa hutu ya karɓi Alhaji. Wata asuba ya tashi alwala, buta ta kuɓuce masa, baki ya karkace. A gida aka ce iska ce, wasu suka ce jifa. Da aka kai shi asibiti aka auna, hawan jini ne, kuma ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi, amma jan ƙafa yake, lissafin kasuwa kuwa ya koma hannun wasu.

Kun ga, abincin da ya yi wa mai tafiya daidai, ya yi wa mai zama yawa. Naman jiki idan yana aiki, shi ke zuƙe sukarin da ke cikin jini ya ƙone shi. Idan ya zauna, sukarin ya taru, kitse ya taru, jijiyoyin jini su ƙage, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Ta nan ciwon sukari da hawan jini kan samu ƙofa. Shi hawan jini kuwa sau da yawa ba ya sallama, ba ciwon kai ba jiri, sai ranar da ya kada mutum.

Direbobinmu, ga wani labari naku. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya yi kan ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, irin masu bene ɗin nan. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin. To, ku dubi yaron motarku, ku dubi kanku.

Nawa ake bukata? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsi mai ɗan ƙarfi. Rabin awa ke nan, kwana biyar. Ba sai an sa gajeren wando an bi titi da gudu ba. Na san babu Alhajin da zai yi haka, ni ma ban ce a yi ba. Tafiya ce da sauri, irin wadda numfashi zai ɗan hau, gumi ya ɗan tsatso, amma kuna iya magana da na kusa da ku. Kuma ana iya yanka ta: minti goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan isha'i.

Idan daga rumfa zuwa kara ne, ku bar babur ya huta, ku taka. Idan mota ta tsaya a Konni ko Jibiya ana jiran takardu, wani lokaci kwana biyu ko uku, kar a ƙare su kwance ƙarƙashin tirela ana dafa shayi. A sauka, a zaga, a miƙe ƙafa. Dogon zama kan kumbura ƙafa, har jini na iya daskarewa a cikin jijiya. Iyayenmu mata masu sayar da atamfa da kayan miya, ku ma yini kuke a kan kujera 'yar tsugunno. Ku riƙa tashi, ku bar aiken yarinya kan abin da ke nan kusa.

Na san abin da ke hana wasu: kar a ga mai kuɗi a ƙasa a ce karaya ta zo. Wallahi wannan kunyar ce ta hana baffana takawa.

Amma fa a bi a hankali. Wanda ya shekara biyar a zaune kar ya ce zai rama a kwana ɗaya. Ya fara da minti goma ya riƙa ƙarawa. Lokacin bazara a zaɓi sanyin safiya ko na yamma, a sha ruwa. Idan ana tafiya ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya taso, a tsaya, a nemi likita ranar. Wanda kuma aka riga aka ɗora kan maganin hawan jini ko na sukari, tafiya taimaka wa maganin take, kar ya ajiye ƙwayoyinsa.

Ranar kasuwa mai zuwa, kafin a shiga ciniki, ku biya ta ɗakin shan magani mafi kusa a auna muku jini. Minti biyar ne. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ku sa a rubuta muku shi a takarda, ku koma a sake aunawa wata rana, ku ji abin da ma'aikacin lafiya zai ce.