Kafin Ka Biya Kuɗin Taya, Duƙa Ka Karanta Gefenta

Daga nan Gidan Katta a ƙaramar hukumar Illela nake magana, kuma yau hirarmu a kan taya ce.

Duk mai bin hanyar Illela zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware ya san yadda kwalta ke ɗaukar zafi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40. Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwar Illela, za ka ga mota ta ɗauko buhuna har ta durƙusa. Zafi da lodi, su ne ke fasa taya. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda muke saye. Mutum zai shafa zanen taya, ya ji da kauri, ya ce ai sabuwa ce. A'a malam, roba tana tsufa ko ba a taka ta ba.

To ya za ka gane shekarunta? Duƙa ka duba gefenta, ka nemi inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa taya shekara 4 take yi daga ranar da aka ƙera ta. Kamfanonin taya kan ba da wa'adin da ya fi haka, amma ni dai, da irin ranarmu, na fi karkata ga maganar hukumar.

Sai tayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Na san aljihu ne ke kai mu, ba na zargin kowa. Sai dai wasunsu na lokacin ƙanƙara ne, za ka ga ɗan hoton tsauni da ƙanƙara a jiki. Robarsu laushi gare ta, an yi ta don sanyi, a kwaltarmu nan da nan take cinyewa. Ka kuma nemi inda aka rubuta TEMPERATURE, mai A ta fi jure zafi, sai B, C ce ta ƙarshe. In ka ga kumburi ko tsagewa a gefe, ko kyauta aka ba ka, bar ta.

Akwai kuma lambar lodi. 91 da ke bayan 195/65 R15, alal misali, tana nufin kilo 615 kowace taya ke ɗauka. Masu lodin albasa, ku yi lissafi.

Batun iska, a daina buga taya da ƙafa ana cewa ta yi. Adadin da motarka ke so yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ka sa mai faci ya auna da geji da sassafe, kafin taya ta yi zafi. Wasu direbobi na rage iska wai don kada zafi ya fasa ta, alhali taya mai ƙarancin iska ita ce ta fi lanƙwasa, ta fi ɗaukar zafi, ta fi saurin fashewa. Safaya ma a auna ta.

Ku turo tambayoyinku, sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kai mu lafiya.