Daga Jakar Masu Saurare: Ashe Kalma Ma Tana Da Kishiya?

 

Takardar da muka ciro daga jaka yau ta fito ne daga wani mai awon hatsi a wata kasuwar ƙauye da ke yankin Gumel. Ya ce ƙanensa ne ya rubuta masa, domin shi bai yi boko ba. Ga abin da ke damunsa. 'Yarsa tana aji biyu na firamare. Ran nan ta dawo gida da kuka, wai malama ta ce ta kawo kishiyar kalmar "tsada", ta kasa, 'yan aji suka yi mata dariya. Da ta faɗa a gida sai matan gida su ma suka fashe da dariya, suna cewa ashe kalma ma kishiya gare ta. Tun daga ranar, kullum da safe sai yarinya ta ce cikinta na ciwo. Malamar ta aiko cewa a sama mata littafi mai hotuna a riƙa dubawa da ita a gida. To shi tambayarsa ita ce, wanda bai iya karatu ba me zai yi da littafi? Ya ƙara da cewa in abin ya gagara, gara ta zauna gida ta taya uwarta aiki.

To malam, mun ji takardarka, mun kuma gode. Amma kada ka cire ta. Amsar da aka tambaye ta tana bakinka, sau nawa kake faɗinta a ranar kasuwa? Mai saye ya ce gero ya yi tsada, kai ka ce ai yau ya yi araha. To araha ita ce kishiyar tsada, shi ke nan. Malaman Hausa sun ari sunan ne don kalmomin biyu ba sa shiri, in ɗaya ta shigo sai ɗaya ta fita. Riba da asara, saye da sayarwa, rani da damina, tudu da kwari, sabo da tsoho. Duk ka san su. Yarinya ma ta san yawancinsu, abin da ba ta saba da shi ba shi ne a tsayar da ita a ce ta haɗa su biyu-biyu.

A nan ne hoto yake da amfani, don gani ya kori ji. Littafi mai hotuna ba sai ka iya karanta rubutun da ke ƙasan hoton ba. Ka zaunar da ita kusa da kai bayan sallar magariba ko lokacin da ka samu sarari, ku buɗe shafi, ka nuna da yatsa ka yi tambaya. Mene ne wannan? Wanne ne dogo? To wannan fa, tun da ba dogo ba ne, mene ne shi? Ka yi shiru ka jira. Jiran nan shi ne wuyar aikin, domin mu manya ba mu da haƙurin yaro ya yi tunani, sai mu yi wuf mu ba da amsa. In ta ce "gajere" ka yaba mata, sannan ka ɗan ƙara mata: "Ƙwarai, gajeren mutum ne, ga shi ma bai kai katanga ba."

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. A 1988 wani masani a Amurka mai suna Grover Whitehurst, shi da abokan aikinsa, sun koya wa iyaye su riƙa yi wa ƙananan yara tambayoyi a kan hotuna maimakon su karanta musu kawai. Bayan wata guda yaran nan sun fi takwarorinsu iya furta kalmomi. An sake gwada irin wannan a unguwar talakawa ta Khayelitsha da ke birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a 2015. Mako 8 aka yi ana koya wa iyaye mata duba hotuna tare da 'ya'yansu 'yan shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma yaran suka ƙaru da kalmomi da natsuwa. Ka ga a duk biyun, hirar da ake yi a kan hoton ita ce maganin.

Sai dai akwai wani tarko a maganar kishiya da ya kamata ka sani, don kada ka ce yarinya ta yi kuskure alhali daidai ta faɗa. Wata kalmar kishiyarta ba ɗaya ba ce (a nan kam matan gidanku suna da gaskiyar dariya). Ɗauki "ɗanye". In nama ne, kishiyarsa dafaffe. In mangwaro ne, nunanne. In itace ne ko ciyawa, busasshe. Haka "tsoho": in riga ce ko keke, sai a ce sabo, in kuwa mutum ne sai a ce yaro. "Zafi" a wajen ruwa kishiyarsa sanyi, amma a wajen ciwo sai a ce ya yi sauƙi. Shi ya sa haddar jerin kalmomi ba ta isa ba. Yaron da ya haddace "ɗanye, dafaffe" kawai, ran da aka nuna masa ɗanyen icce zai ce kishiyarsa dafaffen icce. Hoto kuwa yana nuna masa a kan me ake magana.

Sai kalmomin da suke 'yan uwan juna, wato masu ma'ana ɗaya ko kusa da haka. Kyanwa, mage, mussa, duk dabba ɗaya ce, ya danganta da garin da mutum ya tashi. Fartanya da hauya. Murna da farin ciki. Sauri da hanzari. Ku fatake da kuke yawon kasuwanni daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Maraɗi kun fi kowa sanin wannan, kuma kuna da jarin da malamar aji ba lalle tana da shi ba. Idan kuka ga hoton kyanwa, ka ce mata, "Mu muna cewa kyanwa, amma akwai inda ake ce mata mussa." Yaro ƙarami sosai, ɗan shekara biyu ko uku, yakan yi gardama, ya ce a'a wannan kyanwa ce ba mage ba, don a ganinsa kowane abu suna ɗaya gare shi. Kada a matsa masa. Zuwa wajen shekara huɗu da kansa zai yarda abu ɗaya yana iya amsa suna biyu. 'Yarka ta wuce nan.

Hausa kuwa mai arziki ce a wannan fanni. Bature Bargery, wanda ya buga babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, da ya zo kan kalmar "ƙato" sai ga jerin 'yan uwanta reras kamar ba za su ƙare ba. Amma 'yan uwa ne, ba tagwaye ba. Shirgege daban, gabjeje daban. Zungurere sai abu mai tsawo, fankameme sai mai faɗi, santalele sai dogo miƙaƙƙe. Ba wanda zai ce fankamemiyar sanda. Yara suna son irin waɗannan kalmomi ƙwarai saboda daɗinsu a baki. Ka nuna hoton giwa ka ce shirgegiya, ka nuna tururuwa ka ce mitsitsiya, ka ga yadda za ta riƙa maimaitawa tana dariya.

Na uku shi ne kwatanci, kuma ni a ganina shi ya fi muhimmanci, don shi ne tushen lissafi. Turanci yakan liƙa wa kalma wata 'yar jela in zai kwatanta abu biyu. Mu namu ya fi sauƙi, da 'yan kalmomi kaɗan muke yi. Raƙumi ya fi jaki tsawo. Jaki bai kai raƙumi ba. Wannan buhu ya ɗara wancan, wato ya fi shi kaɗan. Waɗannan biyu daidai suke. Wancan shi ne mafi girma, ya fi duka. Har karin maganarmu a kan haka aka gina da yawa, kamar yadda ake cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yaron da ya riƙe "ya fi" da "bai kai ba" da "daidai", ran da aka ce masa 7 ta fi 5 ba zai ruɗe ba.

Amma ka lura, yara suna rigan kama "ya fi" kafin su kama "bai kai ba". A 1968 wasu masana a Edinbura ta ƙasar Sikotilan, Margaret Donaldson da George Balfour, sun ƙera bishiyoyi biyu na kwali suna rataya musu 'ya'yan itace, suna tambayar yara 'yan shekara uku zuwa huɗu. In an ce wacce ta fi yawa, sai su nuna daidai. In an ce wacce ce mai kaɗan, da yawansu sai su sake nuna mai yawan. Saboda haka ka fi dagewa a kan ɓangaren ƙasa: wanne bai kai ba, wanne ya fi gajarta, wanne ya fi ƙanƙanta. Kuma kada ka tsaya a kan abu biyu. Ka sa uku: kaza, akuya, saniya. Akuya ta fi kaza, amma ba ta kai saniya ba. To babba ce ko ƙarama? Ka bar ta ta yi kokawa da wannan. A nan za ta gane cewa girma da ƙanƙanta sai an ce kusa da wa.

Wajen zaɓen littafi, ga abin dubawa. Ka nemi wanda abubuwan da ake kwatantawa suke a shafi ɗaya. Akwai littattafan da za ka ga giwa a wannan shafi, ɓera a wancan, an zana su girmansu ɗaya, wannan ruɗa yaro yake yi. Ka nemi mai abubuwan da ta sani, tulu da ƙwarya da babur da awaki. Littafin da aka cika da ƙanƙara da dabbobin ƙasashen sanyi ya jira sai ta girma. Ka fara tambayar hedimasta, domin an sha raba littattafan karatun Hausa na ƙananan azuzuwa a makarantun Arewa, irin su Mu Karanta da aka raba a jihohin Bauchi da Sakkwato, kuma wasu makarantun suna da ragowa a kulle cikin kabad. Masu sayar da littattafai a kasuwannin birni su ma ba sa rasawa. In ƙanenka yana da babbar waya, akwai African Storybook, wani rumbun labarai masu hotuna da aka buɗe a intanet a 2014, akwai na Hausa a ciki, kuma kyauta ne.

In duk ba a samu ba, ku yi naku. Kwalin taliya, tsohuwar kalanda, gawayi ko biro, allura da zare. A wannan shafi cikakken kwano, a na kusa kwanon wofi. A wancan ƙoƙo, ƙwarya, masaki, a jere. Bari ita ta zana, kai ka yi tambaya, ƙanenka ya rubuta sunayen a ƙasa. Ranar kasuwa kuma in babu makaranta ka ɗauke ta zuwa rumfa, ta riƙe mudu ta riƙe tiya, ta faɗa maka wanne ya fi ci.

Minti goma a rana ya isa, in ta gaji a rufe. Kada a yi da bulala a hannu, kuma matan gida su daina dariyar nan a gabanta, don ciwon cikin safe daga nan ya samo asali. Ka kuma samu lokaci ka je ka ga malamar da kanka, ka gaya mata abin da kuke yi a gida, ka roƙe ta in an jima ta sake tambayar yarinyar a gaban 'yan aji, amma ta fara da abin da ta tabbata za ta iya amsawa.

Bayan wata biyu ƙanenka ya sake rubuto mana mu ji inda aka kwana. Sauran takardu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.