Tanja da Jarmakoy: Darasin Babban Taron MNSD na 1991



A watan Nuwamba na 1991, bayan Taron Ƙasa ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, manyan sojoji biyu suka nemi jagorancin MNSD, wanda shi ne tsanin takarar shugaban ƙasa. Dukansu 'yan majalisar soja ta Janar Kunce ne tun juyin mulkin 1974.

Mumuni Adamu Jarmakoy ɗan gidan sarautar Doso ne. Ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1974 zuwa 1979, ya yi jakadanci a Amurka. Tanja Mamadu kuwa mutumin karkara ne. Ya mulki jihar Maraɗi daga 1976 zuwa 1979, sannan Tawa. Manoman Gulbin Maraɗi sun san shi ido da ido.

Wakilai suka zaɓi Tanja. Jarmakoy ya fice, ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. A zagayen farko na zaɓen 1993 Tanja ya zo na ɗaya da kashi 34 cikin 100, Jarmakoy ya samu 15. A zagaye na biyu ƙawancen AFC, har da Jarmakoy, ya mara wa Mahaman Usman na CDS-Rahama baya, ya ci da kashi 54. Sai 1999 Tanja ya hau mulki.

Saboda haka duk jam'iyyar da ke tsai da ɗan takara, ta auna ƙuri'un wanda zai sha kaye kafin ta buga tambari.