Jawabin Shugaban Kwamitin Agaji a Taron Ƙaddamar da Rabon Tallafi ga Waɗanda Ambaliya Ta Shafa, Haɗejia



Mai Martaba Sarkin Haɗejia, Allah ya ja zamaninka. Wakilin Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, 'yan majalisa, shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai da dagatai, malamanmu, jami'an NEMA da SEMA, iyayenmu mata, da duk wanda takardar nan ta tsallake sunansa, a gafarce mu.

Alhamdu lillahi, kwamitin nan bai zauna ba. Mun shiga Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, wani wurin a mota, wani wurin sai da kwalekwale. Mun kai shinkafa da masara da man girki, da tabarmi da barguna da gidan sauro, da maganin zazzaɓi da na tsabtace ruwan sha ga waɗanda suka fake a makarantu. Yau kuma ga irin alkama da na shinkafa, da taki, da injinan ban ruwa, domin noman rani kada ya wuce mutanenmu. Muna godiya ga attajiranmu da 'yan kasuwa da suka buɗe hannu.

Ku samarin da ke bayan rumfa, a daina turereniya. Buhu ba ya gudu, kuma da suna za a kira.

Ranka ya daɗe, a nan zan ajiye takarda. Mun yi wannan zama a 2018, mun yi a 2020, mun yi a 2022, shekarar da ruwa ya ci rayuka sama da 600 a faɗin Nijeriya. Kullum mu taru, a ɗauki hoto, a watse. Alhali kowane manomi a nan ya san inda gizo ke saƙar: ciyawar kachalla. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin Haɗejia ya daina ƙafewa da rani kamar da. Ciyawar ta samu ruwa shekara zagaye, ta toshe hanyoyin da ke kai ruwa Nguru da Gashuwa, yashi da laka suka taru a gindinta. Damina ta yi ƙarfi, ina ruwan zai bi? Sai gonar Malam da ɗakin Iya.

Yashe kogi aikin rani ne, ba na watan Agusta ba. Injin da za a sa ya ci kachalla yana shan man dizal, direbansa yana cin abinci. Kuɗin nan muke roƙo a sa a kasafi, a kuma sake shi a kan lokaci. Mai girma wakili, na ga kana rubutu. To, a ja wa wannan layi. Ku kuma 'yan majalisarmu na tarayya, ku kai maganar gaban Hukumar Kogunan Haɗejia da Jama'are. Al'umma na fita aikin gayya da lauje da adda, ruwa har ƙirji, amma lauje ba zai buɗe kogi ba.

An miƙo mini 'yar takarda wai lokaci ya ƙure. Na ji.

Da izinin Mai Martaba, ina gayyatar wakilin Gwamna ya miƙa buhun farko. Za a fara da zawarawa da masu riƙon marayu na Auyo. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa kowa da alheri.