Kedar Ɗan Isma'ila Da Tasar Azurfa Ta Birnin New York



Wanda ya taɓa buɗe Attaura ya san akwai wuraren da ba a samun kome sai jerin sunaye: wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane. Mafi yawan masu karatu tsallake su suke yi. To, yau za mu tsaya a kan suna ɗaya daga cikin irin waɗannan, watau Kedar, wanda malaman nasaba na Larabawa ke kira Ƙaidar.

A sura ta 25 ta Littafin Farawa an lissafa 'ya'yan Annabi Isma'ila, alaihis salam, su goma sha biyu. Nebayot ne babba, Kedar ke bi masa. Ba a ba da labarinsa ba, ba a faɗi inda ya zauna ko shekarun da ya yi ba. Malaman Musulunci irin su Ibn Ishaƙ su ma sun kawo 'ya'yan nan goma sha biyu, da Nabit da Ƙaidar a kan gaba. An haɗu a kan nasabar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, har zuwa Adnan. Daga nan zuwa Isma'ila ne aka yi saɓani, waɗansu suka bi ta kan Nabit, waɗansu ta kan Ƙaidar.

Mene ne ma'anar sunan? A Ibrananci, baƙaƙen nan uku da aka gina shi a kansu suna nufin duhu ko baƙi. Shi ya sa a Waƙar Waƙoƙi aka kwatanta baƙin fata mai kyau da tantunan Kedar, domin da gashin baƙaƙen awaki makiyayan hamada ke saƙa tantunansu, har gobe. Amma fa mutanen Kedar ba Ibrananci suke yi ba, wani tsohon Larabci suke yi. A Larabci kuwa baƙaƙen nan iko suke nufi da auna al'amari, kuma kowane Bahaushe ya san su, don daga gare su muka sami ƙaddara, da ƙudura, da sunan Abdulƙadir. Wani masani Bajamushe, Ernst Axel Knauf, nan ya karkata. Ni ma a ganina wannan ya fi kama hankali: da wuya kabila ta raɗa wa kanta suna da harshen maƙwabta. Ibraniyawa dai sun ji sunan da kunnensu, suka dubi tantunan, suka ga ya dace.

Kedar kuwa ba sunan mutum ɗaya ba ne kurum, sunan al'umma ne mai sarauta. Rubuce-rubucen sarakunan Assuriya sun ambace su tun wajen shekara ta 738 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, lokacin da sarauniyar Larabawa, Zabibe, ta kai wa Sarki Tiglat-Pileser na Uku haraji. Cibiyarsu ita ce Dumatul Jandal, a arewacin Saudiyya ta yau, kuma Duma shi ma sunan ɗaya ne daga 'ya'yan Isma'ila a jerin nan. Littafin Ezekiyel ya nuna suna cinikin tumaki da raguna da awaki da birnin Taya, na Ishaya kuma ya san su da gwanintar harbi da baka.

Yanzu sai mu ƙetare teku zuwa Amurka, don a can ne shaidar da ta fi kowacce ban sha'awa take. A unguwar Brooklyn ta birnin New York akwai babban gidan ajiye kayan tarihi, wanda ya yi suna wajen kayan tsohuwar Masar. A shekarar 1954 gidan ya mallaki waɗansu tasoshin azurfa da aka tono wajen 1947 a Tell el-Maskhuta, gabashin Masar, kusa da garin Isma'iliyya. (Kada mai sauraro ya ruɗe: wannan gari sunan Khedive Isma'il ya ci, mai mulkin Masar a ƙarni na 19.) An same su tare da dubban kuɗaɗen azurfa na birnin Atina. A jikin ɗaya daga tasoshin akwai rubutu layi guda da harshen Aramiya, wanda masani Isaac Rabinowitz ya karanta ya buga a 1956. Rubutun ya bayyana cewa Ƙainu ɗan Gashmu, sarkin Kedar, shi ne ya kawo tasar baiko ga Han-Ilat. Wannan ita ce Lata, gunkin da Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratun Najmi, aka kuma rushe ɗakinta a Ɗa'ifa a zamanin Manzon Allah.

An kimanta cewa an yi tasar wajen ƙarshen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin da Farisa ke mulkin Masar. Abin da ta nuna shi ne, ikon makiyayan nan ya miƙe tun daga hamadar arewacin Arabiya har bakin ƙasar Nilu, kuma sarkinsu na da wadatar da zai yi kyauta da azurfa a wurin bauta mai nisa da gida.

Sunan uban, Gashmu, shi ya fi tsayar da masana. A Littafin Nehemiya, wanda ke ba da labarin sake gina ganuwar Birnin Ƙudus wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Annabi Isa, an ambaci mutum uku da suka tsaya tsayin daka don hana aikin: Sanballat, da Tobiya, da Geshem Balarabe, wanda a wuri ɗaya a sura ta 6 aka rubuta shi Gashmu. Nehemiya bai ba shi wata sarauta ba, Balarabe kawai ya kira shi. Mafi yawan masana suna ganin shi ne mahaifin Ƙainu, domin suna ya zo ɗaya, zamani ma ya yi daidai. Idan haka ne, to, ba ƙaramin mutum ne ya tsaya wa Nehemiya ba. Sarki ne da hanyoyin fataken turare ke ratsa ƙasarsa, wanda birni mai ganuwa a gefensa ba zai yi masa daɗi ba.

Daga baya daular Nabatiyawa, masu birnin Petra, ta karɓe hanyoyin fatauci, sarautar Kedar ta dushe. Sunan dai bai mutu ba. Malaman Yahudawa na tsakiyar zamani, waɗanda da yawansu suka yi rubutu a Andalus da Masar, idan za su ambaci Larabci da Ibrananci, sau da yawa harshen Kedar suke ce masa.