Jawabi ga Rassan Jam'iyya: Jinjiri Ya Kai Ranar Suna



Zamanin Nasara mun biya lanho, mun yi aikin dole har 1946, amma gidan likita yana can garin kumandan, tafiyar yini guda ko biyu bisa jaki. Ran 3 ga Agusta 1960 muka karɓi mulkin kai. To, mu dai muna cewa mulkin kai bai cika ba sai ya shiga ɗakin mai jego.

Kowa cikinmu ya san gidan da aka sayi rago da goro, jinjiri bai kai suna ba. Yana shan nono lafiya lau, sai baki ya ƙulle, jiki ya sandare. A ce iska ce, a ce maita ce. 'Yan'uwa, ciwo ne da likita ke kira tetanos. Ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ta cibiya take shiga, in an yanke ta da aska mai dauɗa, ko an shafa mata toka.

Rigakafinsa yana hannunmu. Allura biyu ga mai ciki, wata guda tsakaninsu, suna kare uwa da ɗa. A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin awon ciki da na maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan hakkin talaka ne, ba alfarma ba.

Ga aikin kowane reshe, daga Magarya har Birnin Konni.

Na ɗaya, matan jam'iyya su san kowace mai ciki ta unguwarsu, su raka ta awo. Mai kunyar cikin fari, gwaggonta ta kai ta.

Na biyu, a tanadi amalanken kai mai naƙuda gidan likita. In haihuwa ta riga, ungozoma ta wanke hannu da sabulu, ta yanke cibiya da sabuwar reza. Kada a shafa kome sai abin da likita ya bayar.

Na uku, a riƙa leƙa mai jego a gida har arba'in. In jinjiri ya ƙi nono, ko uwa ta yi zazzaɓi, ko jini ya yi yawa, a kai su likita ranar nan, kada a kwana.

Na huɗu, in an ce babu magani, ko an nemi kuɗin da aka ɗauke, sakataren reshe ya rubuta rana, ya kawo mana.

Maza, izinin fita yana bakinku. Ku ba da shi tun yau. Ran kasuwa mai zuwa kowane reshe ya zo da lissafin masu cikinsa.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.